Wace kalmar Hausa ta dace da "townland"?

Malam Habu: Assalamu alaikum. A fassarar bayanin yadda ake bin asalin kakan da ya yi ƙaura daga Ailan zuwa Amurka, kalmar townland ta tsaya mana a wuya. Ita ce yanki mafi ƙanƙanta a rabon ƙasar Ailan, akwai kimanin 61,000. Ko mu ce ƙauye?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙauye zai ɓatar da mai nema. Wata townland ɗin gonaki ce da gidaje biyar a warwatse, wata fadama ce da tudu, ba kasuwa ba dandali. Kuma ba ƙaramar kalma ba ce a wannan aiki, ita ce makullin. A 1922, lokacin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi sai 'yan gutsattsari. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati da kanta ta riga ta lalata. Abin da ya rage a madadinsu an tsara shi ne townland bayan townland: littattafan zakkar coci na 1823 zuwa 1837, da kiyasin haraji na Griffith na 1847 zuwa 1864. Wanda bai san sunan wurin ba, ya zo da "Patrick Murphy daga Cork" kawai, zai tarar da masu wannan suna rututu.

Malam Tanko: Haka ne, Hajiya. Tunga ma ba ta yi ba, don tunga mazauni ce, wannan kuwa fili ne mai iyaka a taswira. Gunduma ta yi girma, a bar ta wa county, waɗanda 32 ne. Ni unguwa nake gani.

Hajiya Ladi: Unguwa kaɗai za ta kai hankalin mai karatu birni, ko ya fara neman mai unguwa, alhali townland ba ta da shugaba.

Malam Tanko: To mu ce unguwar karkara. Sunan asali a harshen Ailan ma baile fearainn ne, kuma wannan baile ɗin ce ta zama Bally da ke gaban ɗimbin sunayen wurare. Wani tarko da ya kamata fassarar ta ambata: suna ɗaya yakan maimaitu. Newtown da Ballybeg suna nan a gundumomi da dama, don haka dole a haɗa suna da gunduma da yankin coci. Shi ma yankin cocin iri biyu ne. Griffith yana bin na gwamnati, rajistar baftisma ta Katolika tana bin nata, iyakokin kuma ba su cika dacewa ba.

Malam Habu: Idan iyali ba su da ko takarda ɗaya, ina ake samo sunan unguwar?

Hajiya Ladi: Daga Amurka ake farawa, ba daga Ailan ba. Jerin fasinjojin jirgin ruwa na zamanin yunwar 1845 zuwa 1852 galibi sunan ƙasa kawai yake bayarwa. Takardun zama ɗan ƙasa sai daga 1906 suka fara kawo garin haihuwa a kai a kai. A duba dutsen kabari, da sanarwar rasuwa a jarida, da littattafan Emigrant Savings Bank na New York daga 1850, da cigiyar 'yan'uwa da jaridar Boston Pilot ta riƙa bugawa. Idan na kakan bai faɗa ba, a bi na ƙannensa da waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa a baftisma, don mutanen unguwa ɗaya sukan sauka wuri ɗaya. Kada a kafe kan rubutun suna: O da Mc da ke gaban sunan iyali sukan faɗi, Bridget takan koma Delia, shekarun haihuwa kuma sukan goce da uku ko biyar.

Malam Tanko: Sunan wurin ma akawu ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. A gwada shi a logainm.ie, shafin sunayen wuraren Ailan, kafin a shiga rajistar Katolika da Laburaren Ƙasa na Ailan ya sa kyauta a intanet a 2015. Rajistar haihuwa ta gwamnati a Ailan sai 1864 ta fara.

Malam Habu: Madalla. An tsayar: unguwar karkara, jam'i unguwannin karkara. A ambato na farko za a rubuta townland kusa da ita, tunda da wannan sunan mai nema zai gan ta a shafukan bincike.