Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: to wane ne ƙadangaren?

Malama Rabi: Salamu alaikum 'yan'uwa, ku raba min gardama. Ɗalibaina sun kusa bai wa hammata iska bayan darasin juyin juya halin Rasha. Na ba su labarin Sarki Nikolas na Biyu, wanda gidansu na Romanof ya riƙe sarauta tun 1613, har aka tilasta masa yin murabus a Maris 1917. Wata yarinya ta kawo wannan karin magana, ta ce ƙadangaren Rasputin ne. Wani yaro ya ce atafau Lenin ne, jagoran 'yan juyin juya halin da suka karɓe mulki daga baya.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar ce da gaskiya. Tsagar ita ce ciwon Yarima Alekse, namiji tilo bayan mata huɗu, wanda in ya ji rauni jini ba ya tsayawa. Likitoci sun yi iya yinsu, sai ga Rasputin, baƙauye daga Sayiberiya, yana addu'a yaro na samun sauƙi. Uwar, Aleksandra, ta riƙe shi hannu bibbiyu. Da sarki ya tafi jagorantar yaƙi a 1915, har a naɗin ministoci ana jin bakinsa.

Abu Damagaram: Ban yarda ba. An kashe Rasputin a Disamba 1916, wata uku sarauta ta kife. Lenin kuwa yana Suwizalan, sai Afrilu ya dawo ya tarar an gama. Matan Fetirograd, babban birnin ƙasar a lokacin, da suka gaji da layin burodi cikin sanyi su suka fara fitowa. Tsagar ma ta daɗe: a Janairu 1905 ma'aikata suka nufi fadar sarki, Fadar Hunturu, da takardar koke, wasu riƙe da hoton sarkin, sojoji suka buɗe musu wuta. Mai bango ake yi wa faɗa a karin maganar nan, ba ƙadangare ba.

Maman Sadik: Ku tsaya ku ji ta bakin kakata, Allah ya ji ƙanta. Ta ce a garinsu an yi dagaci mai mata biyu, amarya ta haifa masa namiji mai amosanin jini, yaro ba ya barci sai kuka. Wata rana da damina wani boka ya fake a zaurensu, ya ba da jiƙo, yaro ya yi barci har hantsi. Shi ke nan aka ba shi ɗakin soro. Kakata tana yarinya ita ke kai masa akushi, ta ce sai ya tsame naman tas ya mayar mata da tuwon, ya ce a kai wa almajirai. Kafin kaka, duk mai rikicin gona sai ya fara biyawa ta wurinsa da kaza kafin ya ga dagaci. Amma ita ba ciwon yaro take kira tsaga ba. Uwargida da amarya ba sa ga maciji, kowacce sai ta saci jiki da daddare ta kai masa sirrin 'yar'uwarta. Shi ya sa in muka yi faɗa a gida muka kai ƙara wurin maƙwabta, da wannan maganar take tarbar mu.

Ɗan Fagge: Hajiya kar ki bar mu a hanya, ya aka ƙare?

Maman Sadik: An tuɓe dagacin kan kuɗin haraji. Boka ya yi gaba da babbar 'yar dagacin da jakin gidan.

Sarkin Shayi: Wannan boka ai mai kunya ne. Namu ƙadangarun da diga suke zuwa su fasa bangon, gobe a ba su kwangilar gyara.

Abu Damagaram: Sarki, ga naka. A bikin naɗin Nikolas a 1896 aka yi rabon kyauta a wani fili a Mosko, turmutsitsi ya kashe sama da mutum 1,300. Da daddare ya tafi liyafar jakadan Faransa.

Sarkin Shayi: Rabon kaya, turmutsitsi, sannan liyafa? Ni dai ban kama suna ba, cajina ya kusa ƙarewa.

Malama Rabi: Kun tafi can kun bar ni. Abin da ya fi damun yaran shi ne 'ya'yan. A daren 17 ga Yuli 1918 aka harbe su duka a ɗakin ƙasa a Yekaterinbag: Olga, Tatiyana, Mariya, Anastasiya mai shekara 17, da Alekse mai 13, har da likitansu da hadimai uku. Wata ta tambaye ni su kuma wane bango suka tsaga.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Wannan sai dai a ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abu Damagaram: Haba, ba muhallinta ba ne. Ka tambayi Sarki Joji na Biyar na Ingila, ɗan yayar mahaifiyar Nikolas, da ya sa aka janye tayin mafakar da aka yi wa iyalin.

Sarkin Shayi: Maman Sadik, don Allah, an samo jakin?