Bikin Saratu: wane ruwan inabi ne zai tafi da tsire da farfesu?

Anti Rifkatu: Salama gare ku 'yan zaure. Bikin Saratu saura wata biyu, a Sakaramento ta jihar Kalifoniya a Amurka za a yi. Dangin angon Turawa ne, uban ya ce shi zai biya kuɗin ruwan inabi, amma mu zaɓa tunda abincinmu za a ci. Akwai dafa-duka, tsire, farfesun akuya, gasasshen kifi, da waina. Mutum 120. Shi dai sai zancen Cabernet, wani jan ruwan inabi na kwarin Napa a nan Kalifoniya, yake yi, ni kuwa ko bambancinsa da zoɓo ban sani ba. Bulus, kana ina?

Malam Sani: Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Mu dai ba fagenmu ba ne, amma a tuna da mu a wajen abin sha.

Anti Rifkatu: Haba Malam, yaya za a manta da ku? Rabin 'yan bikin ai ba sa sha, har da 'yan cocinmu.

Bulus: Ga ni, Anti, yanzu na tashi daga aiki. Cabernet na Napa abu ne mai kyau, kullum shi nake zuba wa baƙi, amma ba abokin tsire ba ne. Kin san baurin goro, yadda yake ɗaure baki ya busar da harshe? Irin wannan baurin ne a Cabernet, daga fatar inabin da 'ya'yansa yake fitowa. Maganinsa kitse. In aka haɗa shi da nama mai maiƙo, irin gashin da Turawa suke yi da gishiri da masoro kawai, sai baurin ya kwanta, ɗanɗanon ya fito. Tsirenmu kuwa nama ne siriri mara kitse sosai, ga yaji, ga citta. Ƙarfin barasar Cabernet na Napa yakan kai kashi 14 zuwa 15 cikin 100, barasa kuma zuga barkono take yi. Mutum ya ci tsire ya kora da shi, bakinsa zai kama wuta, kuma ba zai ji daɗin ko ɗaya ba. An yi asarar kuɗi, an yi asarar nama.

Ladi: Wallahi na ga wannan da idona. Na kai tsire walimar ofishinmu, wani abokin aikina ya kora da jan ruwan inabi, sai ga hawaye. Ya ce ba komai, yana ta fifita da faranti.

Dr. Ishaku: Amma Bulus, ka yi wa surukin namu uzuri. Mutanen nan suna da dalilin alfahari da Cabernet ɗinsu. A 1976 wani Bature ɗan Ingila mai sayar da giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara masana Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin kwalaben ba. A jan, Cabernet na gidan Stag's Leap Wine Cellars da ke Napa, na 1973, ya zo na ɗaya, ya doke manyan gidajen Bordeaux na Faransa. A farin kuma Chardonnay na Chateau Montelena, shi ma na 1973. Ka tuna daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, sana'ar ta durƙushe. Wanda ya taso da wannan labarin, in ka ce kada a kawo Cabernet bikin ɗansa, kamar ka ce wa Bazazzage kada a yi hawan sallah ne.

Bulus: Gaskiya ne, Dakta. To a raba. Ai Turawa suna yin liyafar dangi daren jajiberin biki. A can ya kawo Cabernet ɗinsa, a gasa naman sa irin na Santa Maria, wanda suke gasawa a kan itacen oak. Nan ne gidansa. Ranar biki kuma abincinmu ne sarki.

Anti Rifkatu: To me zan ce masa ya saya?

Bulus: Farfesu shi ne mai wuyar sha'ani, da shi zan fara. Abin da yake kwantar da yaji shi ne ɗan zaƙi, da sanyi, da ƙarancin barasa. Ki nemi farin ruwan inabi, Riesling ko Gewürztraminer na kwarin Anderson da ke Mendocino. Wurin akwai hazo daga teku, inabin ba ya nuna da sauri, don haka tsaminsa ba ya gudu. Ki ce mai ɗan zaƙi kike so. Gewürztraminer yana da ƙamshin fure da wani abu kamar citta, da farfesu kamar tare aka haife su. Shi ɗin ma zai ɗauki tsire.

Kifi kuma Sauvignon Blanc, aikin lemon tsami yake yi a kan kifi. In kin ga Fumé Blanc a kwalba kada ki rikice, inabin ɗaya ne, Robert Mondavi ne ya raɗa masa sunan a 1968. Ki guji Chardonnay da ya daɗe a gangar katako, mai ƙamshin man shanu. Da kaguwa ko kaza mai romon madara yana da daɗi, amma barkono ya taɓa shi sai ya koma ɗaci.

Masu son ja dole, Pinot Noir na Russian River. Baurinsa kaɗan ne, tsaminsa kuma ya dace da tumatirin dafa-duka. A sa shi a firij minti ashirin kafin a buɗe.

Ladi: Zinfandel fa? Na ji ana cewa shi ne na gashi.

Bulus: Da gashin Amurkawa mai zaƙi-zaƙi, e. Tsofaffin kuringar Lodi suna ba da mai kyau ƙwarai, wasu sun haura shekara 100. Amma da yawansu barasar ta wuce kashi 15, mun koma gidan jiya ke nan. Sai in tsiren ba yaji sosai.

Ladi: Tsiren Anti Rifkatu ba yaji? Lallai ba ka taɓa ci ba.

Dr. Ishaku: Don ɗaga kofi ga ango da amarya, a sayi Schramsberg mai kumfa. Shi Nixon, shugaban Amurka na lokacin, ya kai Sin a 1972 suka ɗaga kofi da firaministan ƙasar, Zhou Enlai. Surukinki zai ji daɗi, na Napa ne.

Bulus: Kuma mai kumfa yana wanke maiƙon waina. Lissafi: kwalba mililita 750 ce, kofi biyar. Masu sha 60, kowa kofi uku, kofi 180, kwalba 36, wato katan uku. Na ɗaga kofi daban.

Hajiya Binta: Ni tambayata, waɗannan da ake rubuta an cire musu barasa, irin su Fre da Ariel, ana iya sa mana?

Malam Sani: Hajiya, ni dai ba zan sha ba. Giya ce aka yi ta sosai sannan aka zare barasar, kuma akan bar ɗan ragowa ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100. Abin da akwai shakka, barinsa ya fi.

Bulus: Akwai mafita, Malam. Gidan Navarro a kwarin Anderson suna matse inabin Gewürztraminer da Pinot Noir su zuba a kwalba tun bai fara tsima ba, ruwan 'ya'yan itace ne zalla. Na ɗaga kofi kuma ga Martinelli's na Watsonville, ruwan tuffa mai kumfa, kowane babban kanti akwai.

Hajiya Binta: Madalla. Zoɓo kuma ni zan yi, shagunan 'yan Meziko suna sayar da shi, jamaica suke ce masa. Roƙona ɗaya, teburinmu na sha ya zama daban, kofunan ma daban, kada yara su ɗauka bisa kuskure.

Anti Rifkatu: An gama, Hajiya. Bulus, sai mu zo Napa mu ɗanɗana?

Bulus: Ki zo yawon buɗe ido, amma yawancin gidajen sai an nemi lokaci tukuna, kuɗin ɗanɗanawa kuma ba wasa. Abin da ya fi, zan kawo kwalba biyar gidanki, ki dafa ainihin abincin bikin, ki gayyato surukan. Fari kafin ja, mara zaƙi kafin mai zaƙi. A juya kofin, a shinshina, a kurɓa kaɗan, a ci loma, a sake kurɓa. Kurɓa ta biyu ita ce alƙali. A ajiye bokiti, tofarwa ba abin kunya ba ne, musamman ga mai tuƙi. Zan sako Cabernet ɗaya a ciki, ba sai mun yi wa Baba gardama ba, harshensa zai gaya masa. Kuma don Allah ranar kada a sa humra ko turaren wuta, in ba haka ba duka biyar ɗin ƙamshin humra za su yi.

Anti Rifkatu: Gidana ba turaren wuta? To, zan daure na yini ɗaya. Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu. Ladi, ki taho min da yajin ƙuli.