Tiyatar kyamara ko a buɗe ciki kawai?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hoto ya nuna tsakuwa a matsarmamar maigidana. Likita ya ce tiyatar cire matsarmamar ko a yi ta kyamara ko a buɗe ciki, amma ta kyamarar ta fi tsada. Don Allah kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya.

Nas ɗinku: Amin. Anti, kar ki tsaya kan kuɗin tiyatar kaɗai. Ta kyamara huji uku ko huɗu ne a ciki, kowanne kamar santimita ɗaya, ta nan ake zura kyamara da kayan aiki. Yawanci ana sallamar mutum ranar ko washegari, cikin mako 2 ya koma harkarsa. In an buɗe kuwa kwana 3 zuwa 5 ne a gado, warkewa mako 6 ko fiye. Ki haɗa da kuɗin gado, wankin ciwo, wahalar mai jinya da aikinsa da zai tsaya.

Tsohon Direba: Hajiya Nas, duk gaskiya ne, amma ku ji tawa. Ta kyamarar na biya. Da na farfaɗo sai hannuna ya taɓa filasta tun daga ƙasan haƙarƙari, ga robar fitar da ruwa a gefe. Wai sun shiga suka tarar kumburi ya manne komai, ba sa gani sosai, dole suka buɗe. Ban ga laifinsu a nan ba, gara haka da a yanke mini bututun matsarmama. Abin da ya ƙona mini rai takardar kuɗi: an caje ni kayan kyamara, an caje ni buɗewa, ga kwanakin gado da ban shirya musu ba. Ba wanda ya gaya mini haka na iya faruwa kafin in sa hannu. 'Yar'uwa, ki tambaye su ƙarara nawa ne in aiki ya juye, kuma sau nawa likitan ya yi irinsa da hannunsa.

Ɗan Auta: Baba Direba an yi maka biyu kenan, sayi ɗaya a ba ka gyara 😂

Tsohon Direba: Yaro, Allah ya sa kar ka ɗanɗana.

Uwar Gida: Ni kafaɗa ce ta dame ni bayan nawa, har na ɗauka hannun suka taka.

Nas ɗinku: Iskar da ake hura wa ciki ce Yaya, tana wucewa cikin 'yan kwanaki. Tashi a ɗan taka yana taimakawa.

Malamin Kimiyya: Kar dai a ɗauka ƙaramin huji ya fi a kowace cuta. A 2018 wani babban bincike kan sankarar bakin mahaifa ya nuna waɗanda aka buɗe wa ciki sun fi tsira. Matsarmama daban, tun 1985 aka fara cire ta da kyamara a Jamus, hanya ce da ta zauna.

Ɗan Auta: To mutum-mutumin da ake tiyata da shi fa? Da Vinci yake ko wa?

Malamin Kimiyya: Likita ne dai ke tuƙa shi. A matsarmama kuɗi yake ƙarawa, warkewar kusan ɗaya ce.

Kawu: Malam kullum sai ka kawo mana Jamus. Matar nan inshora ya kamata ta fara bincika.

Malamin Kimiyya: Kawu ai ba ta ce suna da ita ba.

Uwar Gida: Nas, tabon cibiyar nan yana ɓacewa kuwa? Nawa har yanzu ƙaiƙayi yake yi.