Jama'a, me za mu kira "reliquia" da Hausa?

Salamu alaikum. Dan Allah masana Hausa ku taimaka, kwana uku kenan kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Ina fassara wani bayani ne kan tsofaffin garuruwan Italiya da ke kan tuddai, irin su Orbiyeto da Gubbiyo da Asisi da Siyena, to duk garin da ka taɓa sai ka ci karo da abin da suke ce wa reliquia, Turawan Ingila kuma su ce relic. Ba yadda za a yi a tsallake ta, domin ita ce cibiyar garin gaba ɗaya.

Bari in ba ku misali dan ku gane abin da nake nufi. Orbiyeto a kan wani katon dutse take zaune a yankin Umbriya, kuma babban cocin garin da aka aza harsashinsa a 1290 yana ɗauke da wani ƙyallen lilin. Katolika sun yi imani cewa a 1263 wani limaminsu yana ibada a garin Bolsena sai jini ya ɗigo daga gurasar da suke ibada da ita ya ɓata ƙyallen, aka kai wa Fafaroma Urban na 4 wanda lokacin yana zaune a Orbiyeto, shekara na zagayowa a 1264 ya kafa idin da har yau ake fito da ƙyallen a zaga gari da shi. A Gubbiyo kuma gawa ce sukutum, ta bishop ɗinsu Ubaldo da ya rasu a 1160, tana cikin akwatin gilashi a cocin da ke saman dutsen Ingino, kuma saboda shi ne duk 15 ga Mayu mazan garin ke saɓa wasu ginshiƙan katako guda uku, kowanne ya kusa kilo 300, su haura dutsen a guje. A Asisi akwai tsohuwar rigar waliyyinsu Faransis mai faci-faci. A Siyena kan waliyyiyarsu Katarina ne da ɗan yatsanta, gangar jikinta tana Roma.

To kun gani, ƙyalle, gawa, riga, kai. Kalma ɗaya ce ta haɗe su a wajensu, mu ma ɗaya nake nema.

Da farko na rubuta "kayan tarihi", sai na goge. Kayan tarihi ai su ne na Gidan Makama, ka kalla ka wuce, ba wanda ke durƙusawa gabansu yana kuka. Su kansu mutanen Gubbiyo sun raba, suna da allunan tagulla guda bakwai da aka gano a 1444 masu rubutun addinin kakanninsu tun kafin Kiristanci, waɗannan suna gidan adana kayan tarihi, Ubaldo kuwa yana coci.

Wani abokina ya ce in sa "ragowa", kuma gaskiya ya kusa, dan asalin kalmar a Latin abin da aka bari a baya take nufi. Amma ku faɗa da bakinku ku ji, ragowar waliyyi, kunne sai ya tafi ga ragowar tuwo, akwai raini a ciki wanda masu abin ba su nufa ba. Wani kuma ya turo min "laya", wani ya ce kawai in ce "tsafi" in huta. A'a wallahi. Laya ɗinka ta ake yi a rataya, tsafi kuwa hukunci ne ka yanke, ba fassara ka yi ba, kuma akwai Hausawa Kirista da za su karanta. Mai fassara amana aka ba shi, ya faɗi abin da mutanen ke nufi ko da shi bai yarda da shi ba.

Inda zuciyata ta kwanta yanzu shi ne "abin tabarruki", jam'i "kayan tabarruki". Dalilina, kalmar tana kallon abin da mutane ke nema a wajen ne, wato albarkar wanda abin ya fito daga jikinsa ko ya taɓa, ba siffar abin ba, shi ya sa ta ɗauki ƙyalle ta ɗauki ƙashi. Har ma ta dace da yadda cocin ke kasa su gida uku, sashen jikin mutumin, da abin da ya yi amfani da shi, da abin da aka goga a jikin waɗancan. Kuma Bahaushe ba sai an masa dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa ganin masu ziyara a Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san me ake nufi da tabarruki. Na san malamanmu sun yi saɓani kan hukuncinsa, ni ba nan na dosa ba, ma'anar kalma nake bi.

Abin da ya rage min shi ne akwatin da ake ajiye shi, kamar na azurfa da Ugolino di Biyeri ya ƙera wa ƙyallen Orbiyeto wajen 1338. Na sa "ma'ajin tabarruki" tukuna. 'Yan'uwa Katolika na Kaduna da Jos da Zinder, in akwai kalmar da kuke faɗa a coci ku kawo ta, taku za ta riga tawa shiga rubutun.