Shawarwari kan kare yaran firamare a Zariya

Malamai da iyayen da suka tattauna sun fi tsayawa kan lokacin tashi, domin nan aka fi samun ɓaraka. Kada a miƙa yaro sai ga wanda sunansa da hotonsa ke rajistar makaranta. In mai Keke Napep ya canza, a kira iyaye tukuna.

Idan yaro ya kawo ƙara, malama ta saurare shi, ta rubuta kalamansa yadda ya faɗa, da kwanan wata, ta kai wa jami'in kare yara a ranar. Kada ta yi masa alƙawarin ɓoye maganar, kada kuma ta tsananta tambaya, don yaro kan rikice ya sauya bayani.