Baƙaƙen littattafan masu fesa zane a jikin jiragen ƙasa na New York: me za a duba kafin a saya?

Aminu: Salamu alaikum. An tallata mini shafi guda da aka ce an ciro shi daga baƙin littafin (wato littafin gwajin zane) wani mai fesa zane a jikin jirgin ƙasa, na 1979. Masana, ya kuke gani?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Shafi guda da aka yage, rabin darajarsa ta tafi. Littafin nan mai baƙin bango ba na mutum ɗaya ba ne. Yaro zai zana haruffan sunansa a ciki kafin ya fesa su a jikin tarago, sannan ya kai shi bencin tashar 149th Street da ke Bronx, inda masu zane ke zama suna kallon jiragen layi na 2 da na 5, kowa ya sa hannu ko ya bar masa zane. Hannayen nan da yawa su ne shaida. Idan ka samu sa hannun mutum goma da suka yi zamani ɗaya, da wuya a ƙirƙire su duka.

Hajiya Rabi: Haka ne, Malam. Aminu, juya shafin ka dubi bayansa. Tawadar alƙalamin maka (marker) ta lokacin, irin Design da Pilot, tana ratsa takarda har ta ɓata shafi na gaba. Tabon ya kamata ya dace da zanen daidai. Dubi gefe kuma, da yawa sukan rubuta sunayen kalar fenti na Krylon ko Rust-Oleum da za su fesa. Takarda fara fes da kala mai sheƙi bayan shekara arba'in, abin tuhuma ne.

Aminu: To salon haruffan fa?

Malam Bashir: Yana nuna zamani. A 1971, lokacin da jaridar New York Times ta buga labarin Taki 183, wani matashi mai rubuta laƙabinsa a bango da jirage, sa hannu ne kawai. Haruffa masu kumburi irin na mai zane Phase 2 sun biyo baya, masu sarƙaƙiya kuma sai can gaba. Aka ce maka 1971 ga haruffa a sarƙe da kibiyoyi, kama kuɗinka. A watan Mayun 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane, don haka abin da ya zo bayan nan wani babi ne, farashinsa ma daban.

Usman: Kafin ka kashe ko sisi, horar da idonka da tarin zane-zane da baƙaƙen littattafan da mai zane Martin Wong ya ba gidan tarihi na Museum of the City of New York a 1994. Hotunan jiragen da Martha Cooper da Henry Chalfant suka ɗauka ma suna taimakawa: wani lokaci za ka ga zanen littafin ya fito a jikin tarago. Ka nemi takardar da ta nuna hannun da littafin ya bi. Mai zanen in yana raye, a tambaye shi.

Hajiya Rabi: Ajiya ce ke kashe mutane. Hasken rana na cinye tawadar maka, ja da ruwan hoda su ke fara kodewa. Kada a yi laminatin, kada salatif ya taɓa shi, kada a sa a ledar PVC. Sa takarda marar asid tsakanin shafuka, a kwantar da littafin cikin kwali, danshi kashi 40 zuwa 50. A nan gida damina na kawo fumfuna, hunturu na busar da gam ɗin ɗaurin har ya tsage.

Usman: Sayen littafin bai ba ka haƙƙin zanen ba. Buga shi a riga ko fosta sai da izinin mai shi ko magadansa.

Aminu: Na gode, zan nemi hoton bayan shafin tukuna.