Wane zaure ya dace da kwamitin asusun dangi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne a kwamitin asusun taimakon danginmu, wasu a Kano, wasu a Maraɗi, ɗaya kuma yana aiki a Jidda. Muna tattauna abin da bai kamata ya fita ba, kamar wanda aka biya wa kuɗin asibiti da wanda ya kasa kawo nasa kason. Babban zauren dangi ya cika da gaisuwa da sanarwar biki, ga shi uku daga cikinmu dattawa ne da ba sa rubutu a waya, sai saƙon murya. Wace manhaja za ku ba mu shawara a kai?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Malam, tun da akwai dattawa, ku buɗe sabon zaure na WhatsApp don kwamiti kaɗai, domin ita suka saba da ita. Tun 2016 saƙonninta ke tafiya a kulle daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, har na zaure. Abin lura shi ne mahaɗar gayyata, wato adireshin da ake latsawa a shiga zaure: kada a tura ta ko'ina, mai kula da zauren ya saka kowa da hannunsa, ya kuma kunna tsarin da ba a shiga sai da amincewarsa.

Amsa ta biyu

Ni Telegram na fi so, saboda ana iya raba zaure gida-gida, lissafi daban, taro daban, kuma wanda ya sauya waya yana tarar da tsofaffin takardu yadda ya bar su.

Amsa ta uku

Ɗan'uwa, sauƙin da ka ambata gaskiya ne, amma yana da dalili: saƙonnin zaure a Telegram suna ajiye ne a rumbun kamfanin, ba su da waccan kullewar, wadda sai a hirar sirri ta mutum biyu ake samunta. Zaure ne da zai iya ɗaukar mutum 200,000, ya fi dacewa da taron jama'a. Idan sirri ne gaba da komai, Signal ce ta fi, har tana ba da damar ɓoye lambar waya tun 2024, sai dai shawo kan dattijo ya koyi sabuwar manhaja aiki ne babba. Na goyi bayan amsar farko, da ƙari ɗaya. Wayoyin iyayenmu a hannun jikoki suke yini, saƙon murya kuma ana sauraronsa ne a tsakar gida kowa na ji, don haka a sa wa wayoyin makulli, a daina kama sunan mabuƙaci a cikin murya.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Za mu tsaya a WhatsApp, mu sa saƙonni su riƙa gogewa bayan kwana 90, lissafin kuɗi kuma ya ci gaba da zama a littafin ma'aji. Maganar jikoki zan kai wa Baffa da kaina ranar Juma'a.